Gangar da Baba Ya Ba da Riƙo

Ni mai saurin baki ce, kowa ya sani, kuma ban taɓa musu ba. Innata takan ce tun ban iya tafiya ba na iya rashin kunya. Akwai ranar da bakin nan nawa ya kusa tozarta mahaifina a gaban jama'a, a kan wata tsohuwar ganga, kuma duk da haka babu ranar da nake tunawa da alfahari kamarta.

Baba ya yi soja a zamanin Turawa. Makaɗin badujala ne, wato masu ganga da begila da ke shiga gaba idan soja na maci. Da aka sallame su bayan yaƙi, Baturen da ke kansu ya ba shi gangar da ya yi shekaru yana kaɗawa, ya ce ya tafi da ita gida. Ƙaramar ganga ce mai faɗi, irin wadda ake ratayawa a kwiɓi a kaɗa da sanda biyu. Jikinta tagulla, bakinta katako. A ƙarƙashinta akwai zaga, wasu siraran igiyoyi da ke kwance a kan fatar ƙasa, su ne ke sa ta yin karkarwar nan idan an doke ta. Zagar da ta zo da ita ta tsinke tun kafin a haife ni, sai Baba ya murza hanjin rago da hannunsa ya ɗaura mata. Tun daga nan muryarta ta ɗan dushe, kamar ta mai mura. Da wannan muryar na tashi a gidanmu na Gozaki.

Ina aji biyu makarantar mishan ta garinmu ta nemi ganga don macin yara. Baba ya ɗauke ta ya kai wa Baturiyar da ke kula da makarantar, ya ce, "Ga ta nan, na ba ku riƙo." Kunya ce ta hana shi cewa aro, don a ganinsa ba a cewa an ba gidan Ubangiji aro. Duk ɗan ƙasarmu ya san abin da riƙo yake nufi. Kana ba ɗan'uwanka ɗa ya riƙe, ya ci da shi ya sha da shi, amma ɗan naka ne, ranar da ka ce a kawo shi za a kawo. Ita kuwa Baturiyar a littafi ta koyi Hausarta. Ta ji "na ba ku", ta yi ta godiya, ta ɗauka kyauta ce.

Shekaru suka wuce ba wanda ya damu, don gangar tana nan kusa, ranar Kirsimeti ma Baba ke zuwa ya ɗauko ta ya kaɗa. Sai lokacin da gwamnati ta karɓi makarantun mishan, ina kwalejin horon malamai a lokacin. Baturiyar ta riga ta koma ƙasarsu, tsohon fastonmu ya rasu. Aka zo da babbar mota aka kwashe wasu kayan makarantar zuwa wani sito a Malumfashi, har da gangar. Baba yana gona, bai ji labari ba sai da yamma.

Sau uku yana hawa keke yana zuwa Malumfashi, kowane zuwa sai an yi masa dariya. A zuwa na uku mai kula da siton ya dube shi daga hula har takalmin taya, ya ce, "Tsoho, ina manomi ina gangar Turawa? Ai kayan nan duk daga Ingila aka kawo su." Waɗanda ke wurin suka yi dariya. Dariyar ba ta tsaya a can ba, ta biyo shi har gida. Samarin garinmu da ba su san farkon zancen ba suka fara cewa ƙila ma ɗan dako ne a soja, labarin ganga ƙari ne. Da yake yana da ɗabi'ar kaɗa taken maci da leɓɓansa idan yana aiki, sai suka sa masa suna mai gangar baka. Bai taɓa tanka musu ba. Amma ya daina ba da labarin soja, mutumin da a da sai an roƙe shi yake yin shiru. Ya daina zama a gindin ɗorawa tare da dattawa. Wannan abu ya ci mini rai shekara da shekaru, don a gabana aka mai da ubana maƙaryaci kuma ban iya yin komai ba.

Na gama kwaleji, na yi aure, na kama koyarwa a wata firamare a Funtua. Wata shekara, damina ta ja baya, dawa ta fara nuna, aka tara makarantun gari a babban fili don gwajin macin ranar 'yanci. Ina tsaye ina faɗa da 'yan matan ajina da suka kasa bambance hagu da dama, sai na ji ta. Ganguna sun fi goma a filin nan, kowace tana nata, amma can ƙarƙashinsu na ji mai murar nan. Na bar yarana a rana na bi sautin kamar wadda aka kira.

Da na gan ta sai da na ja da baya. An lafta mata koren fenti tun daga sama har ƙasa, an sa mata fatar roba a sama. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashinta, na ga zagar hanji. Ban tsaya wani tunani ba na nufi hedimastan makarantar da ta zo da gangar, wani dogon mutum mai kamewa, ɗan Ƙarfi, fuskarsa cike da tsagar gado.

"Gangar ubana ce wannan," na ce masa.

Ya dube ni a natse ya ce, "Malama, a garinku ba a gaisawa ne?"

Kunya ta kama ni, amma ban bari ya gani ba. Na gaishe shi a tsaitsaye, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shi dai daga sito aka raba musu gangar, kuma irinta uku aka fitar a ranar, biyun suna wasu makarantu. Ba zai ɗauki kayan makaranta ya miƙa mini don kawai na ce na gane murya ba. In da shaida in kawo. Na ji haushinsa ƙwarai, kodayake ko a lokacin na san gaskiya ya faɗa.

Muka yarda a kai ta wurin mai gyara. Wani Bayarabe ne haifaffen Funtua, Musulmi, mai shago kusa da tasha, yana gyaran agogo da fitilar famfo da begilolin makarantu. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ɗora gangar a cinya ya jinjina nauyinta, ya jiƙa tsumma da kananzir ya yi ta goge wani gefe, ya kankare da bayan wuƙa a hankali har tagulla ta fito. Ya nuna mana hatimin kambi da wasu lambobi da aka buga a jikin ƙarfen. Ya kwance ƙusa ɗaya ya gwada ta da na gangunan yanzu, ba ta shiga ba. Ya ce na yanzu gwangwani ne, bakinsu ƙarfe, wannan kuwa katakon bakinta ma ya girme shi. Da ya zo kan zaga sai ya yi murmushi, ya ce wannan murzar hannun mutumin ƙasar nan ce, Bature ba ya murza hanji da kauri haka.

Har na fara gyara ɗankwali ina hararar hedimasta, sai mai gyara ya ce, "Malama, kada ki yi saurin murna. Tsohuwa ce, ta soja ce, daga Ingila take, wannan zan rantse a kai. Amma duk bai nuna ta babanki ba ce. Sojoji da yawa sun dawo da irinta, kuma kowane ƙauye akwai mai murza hanji. Sai dai shi mai ita ya zo ya faɗi abin da mu ba mu gani ba."

Washegari na tafi Gozaki. Na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya. A lokacin yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da duhu, mutane kuma da murya yake gane su. Na ba shi labari ina haki. Bai ɗago ba.

"Sau uku aka yi mini dariya," ya ce. "Ba ni zuwa na huɗu."

Na yi magiya, na yi fushi, na yi kuka, na koma magiya. Can ya ajiye igiyar ya ce, "In ita ce, akwai tsaga a cikinta. Ni na yi ta da ƙusa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban tambaye shi tsagar wa ba. Me zan tambaya? Mutumin da bai iya rubutu ba, in zai sa alama a kayansa ai tsagar fuskarsa zai sa. Haka na yanke a raina, na riƙe shi kamar da bakinsa ya faɗa.

Ranar Asabar maigidana ya ɗauko shi a babur. Muka haɗu a shagon mai gyara da hantsi, hedimasta ya zo da gangar. Mutane suka fara taruwa kamar yadda aka saba a bakin tasha, kuma cikinsu na hango wasu mutum biyu 'yan garinmu da suka kawo masara. Ɗayansu yana cikin masu kiran Baba da sunan nan. Na san duk abin da ya faru a nan, kafin rana ta faɗi ya isa gindin ɗorawa.

Aka ɗora wa Baba gangar a cinya. Ya shafa ta, ya ji fentin, ya ɓata rai. Ya ƙwanƙwasa fatar roba da yatsa ya karkata kunne.  Hedimasta ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce yana tsoron a buɗe, don fatar ƙasa ta tsufa, in ta yage ga maci saura kwana kaɗan. A nan ne bakina ya ɓalle.

"A buɗe," na ce, da ƙarfi yadda na bakin titi ma za su ji. "Kowa ya dubi fuskar mahaifina da kyau. Tsagar nan tasa tana cikin gangar nan. In aka buɗe ba a gan ta ba, ku kira mu maƙaryata, ni da shi."

Mutane suka dubi fuskar Baba. Tsagarsa ba ta da yawa, gajeru uku ne a kowane gefe kusa da kunne. Mai gyara ya kwance ƙusoshin sama ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga katakon, ya cire fatar roba, bai taɓa ta ƙasa ba. Muka leƙa. Cikin ya yi baƙi ƙirin da tsatsa, ba a ganin komai. Ya aika aka sayo lemun tsami, ya ɗebo toka a wurin mai ƙosai, ya shiga dirza kamar mace na wanke tukunya. A hankali zane ya fara fitowa.

Na ƙirga da idona, na sake ƙirgawa. Dogayen layuka ne reras, gefe biyu, da wasu ƙanana. Ko kusa ba su yi kama da gajerun ukun da ke fuskar Baba ba. Wurin ya yi tsit. Ɗan garinmu ya yi wani tari wanda ni na san dariya ce.  Ni na ja tsohon nan daga zaurensa, ni na jawo masa dariya ta huɗu, kuma ni na ba mutane izinin kiransa maƙaryaci da bakina.

"Me ya faru kuka yi shiru?" in ji Baba.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, akwai tsaga, amma ba irin taka ba ce."

"Wa ya ce miki tawa ce?" ya ce. "Ke dai ba ki taɓa bari mutum ya gama magana ba. Ta innata ce."

Ya juya wajen da yake jin numfashin mutane. Ya ce lokacin da aka sa su a jirgin ruwa, sun yi kwanaki ba su ga ƙasa ba, ya nemi fuskar mahaifiyarsa a zuciyarsa ya rasa. Ya yi ya yi ta ƙi zuwa, sai tsagarta kaɗai yake iya tunawa. Tsoro ya kama shi kada ita ma ta ɓace. Ranar da aka ba shi sabuwar fata ya sa wa gangar, ya sami ƙusa ya zana ta a ciki, inda babban soja ba zai gani ba. Kafin ya dawo gida ta rasu.

"Kada a ba ni in taɓa," ya ce wa mai gyara. "Kai ka duba, ni in faɗa." Ya ɗora yatsa a kumatunsa yana ja. "Dogaye bakwai a dama, daga nan har gefen baki. Shida a hagu. Bille ɗaya a ƙarƙashin idon hagu. 'Yan baka uku uku. 'Yar Ƙarfi ce, ta gidan maƙera na bakin rafi, su kaɗai ke rage ɗaya a hagu."

Mai gyara yana bin layukan da bakin wuƙa yana ƙirgawa a fili. Bakwai. Shida. Ga bille. Ga 'yan baka. Ya ɗago kai zai yi magana, idonsa ya sauka a fuskar hedimasta, sai maganar ta tsaya. Na bi idonsa na duba. Kwana nawa ina faɗa da mutumin nan, ban taɓa tsayawa na ƙirga abin da ke fuskarsa ba.

 Hedimasta ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasan shagon, cikin toka da ɓawon lemo, ya kamo hannun Baba ya ɗora a kumatunsa na dama. Baba ya bi da yatsunsa a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya koma hagu. Ya tsaya a kan billen.

"Ɗan wa ne kai?" ya tambaya.

Hedimasta ya faɗa masa. Ya ce tun yana yaro yake jin mahaifinsa na zancen babbar yayarsa da aka kai aure Gozaki, wadda ta rasu ɗanta yana wurin yaƙi. Daga baya gida ya rabu, wasu suka bi masallaci wasu suka bi majami'a, ƙafa ta ɗauke. Bai taɓa sanin ɗan gwaggon nasa yana raye ba.

Baba ya daɗe hannunsa na kan fuskar mutumin. Na ga hawaye na bin gefen hancin Baba, abin da ban taɓa gani ba ko a shekarun da ake yi masa dariya. Sai kuma ya ja masa kunne ya ce, "Ashe taubashina ne ya ɓata mini ganga da fenti. Dama mutanen Ƙarfi ba ku san abu mai kyau ba." Shagon ya kaure da dariya, har da hedimastan da nake zaton bai iya ba. Ya ce, "Ai gara mu, Yaya, mun riƙe ta. Ku da kuka bari mota ta tafi da ita kuna gona fa?"

Mai gyara ya mayar da fata ya ɗaure. Aka miƙa wa Baba sanduna. Ya miƙe, aka rataya masa ita, ya gyara tsayuwa, sai ga wani mutum daban, kafaɗa a buɗe, haɓa a sama. Ya saki taken maci. Hannun da ya yi shekaru yana riƙe da fartanya ya riƙa gudu har ba a ganin kan sandunan. Direbobi suka fito daga tasha, mai ƙosai ta bar kaskonta. Ni kuwa ina tsaye a gefensa ina kallon 'yan garinmu biyun nan ido cikin ido, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda suka sunkuyar da kai.

Hedimasta ya ce Baba ya tafi da ita a take. Baba ya ce a'a. A Gozaki aka ƙaryata shi, ba a Funtua ba. Washegari Lahadi, muna fitowa daga sujada, muka tarar da hedimasta zaune a inuwa a ƙofar majami'a, gangar ɗaure a bayan babur, an wanke mata fenti tas tana ƙyalli. Ya jira kowa ya fito. Ya tsaya gaban dattawa da samari ya faɗi ko shi wane ne, ya ce gangar nan ta ɗan gwaggonsa ce, da ita ya yi soja, kuma duk mai shakka ya zo a buɗe masa ya gani. Ba wanda ya matso.

Baba ya karɓa ya kaɗa har mata suka yi guɗa. Da ya gama ya cire ta daga kafaɗarsa, ya laluba hannun hedimasta ya danƙa masa.

"Yaranka na da maci," ya ce. "Na ba ka riƙo. Kai dai ka san riƙo ko?"

"Na sani, Yaya," in ji shi. "Taka ce. Ranar da ka ce a kawo, zan kawo."

Na buɗe baki zan ce wani abu, Baba ya juyo wajena tun ban fara ba, na rufe.

Tun daga shekarar, duk Kirsimeti hedimasta kan ɗauro ta a babur ya kawo ta ganin gida, ya ci tuwo da mu, da an koma makaranta ya zo ya ɗauka. Baba ya koma gindin ɗorawa, ya koma ba da labarin soja, har sai da muka gaji da ji. Ranar da ya rasu ba wanda ya aika a kawo gangar. Muna shirin fita da shi sai na ji ƙarar babur a ƙofar gida, na leƙa na ga hedimasta yana kwance igiya.